Wa Ke Bakin Rijiya, Wa Ke Bayan Sa?

A ƙasashen da ke bakin teku, irin su Faransa da Ingila, akwai ma'auratan da kan sayi ɗan jirgin ruwa mai tafiya da iska, su biyu kaɗai su yi ta yawo da shi lokacin hutu, wasu ma su mayar da shi gida bayan sun bar aiki. Masu wannan sha'awa sun san abu guda: tsakiyar teku ba ta cika haɗa miji da mata faɗa ba, bakin gaɓa ne ke haɗa su. Idan za a shigo da jirgi tasha a ɗaure shi, dole mutum ɗaya ya tsaya a baya riƙe da sitiyari, ɗayan kuma ya tsaya a goshin jirgi da igiya a hannu, yana jiran ya dira ya ɗaure ta a turke. Jirgi ba shi da birki. Iska na tura shi ta gefe, nauyinsa kan kai tan biyar ko fiye, ga jiragen mutane a jere dama da hagu, ga masu shan iska sun zuba ido. Na baya ba ya ganin tazarar da ta rage tsakanin goshin jirgi da gaɓa. Na gaba yana gani, amma ba shi da ikon tsayar da komai. Daga nan sai ihu. Abin ya yi yawa har wata ƴar na'urar magana da ake maƙalawa a kunne ta samu kasuwa a wurinsu, suka yi mata laƙabi da mai ceton aure.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suke raba aikin. Galibi miji ne a kan sitiyari, matar ce mai igiya. Da yawa daga cikin masu koyar da tuƙin irin wannan jirgi suna cewa an yi abin a juye, domin sitiyari ido da natsuwa yake bukata, igiya kuwa ita ke bukatar ƙarfin damtse da tsawon ƙafa. Maigida ya zaɓi sitiyari ne don nan ne kujerar shugaba, ya bar wa matarsa tsalle da jan nauyi. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni: ranar da ya faɗa ruwa ko ciwo ya kayar da shi, matar da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba ba za ta iya juyo da jirgi ta tsamo shi ba. Har kwasa-kwasai na musamman ake shirya wa ma'aurata saboda wannan rana.

Na san mai karatu zai ce ina ruwan mutumin Tasawa ko Mayahi da jirgin ruwa. Gaskiya ne. Gulbin Kaba kansa suna ne kawai ya rage masa, goruba ce a cikinsa maimakon kifi, kuma ko a garin Maijirgi da ke gundumar Tasawa ban taɓa ganin wanda ya tuƙa kwale-kwale ba. Amma muna da aikin igiya na mutum biyu da ya yi kama da wancan ƙwarai, ɗaya na gani ba ya iya tsayarwa, ɗaya na iya tsayarwa ba ya gani. Kullum ake yin sa a bakin rijiyoyinmu masu zurfi, kuma mu ma a juye muke yin sa.

Ga wanda ya tashi a birni yana murɗa famfo, bari in kwatanta. A arewacin Mayahi wajen Gidan Amumun, ko wajen Urafan a gundumar Tasawa, akwai rijiyoyin da suka kai gaba talatin, wato sama da mita 50. Da yawansu rijiyoyin siminti ne irin waɗanda hukumar OFEDES, da aka kafa a 1963, ta gina a faɗin ƙasa. Irin wannan rijiya ta fi ƙarfin hannu idan ruwan gida da na dabbobi ake nema. Sai a kafa gwafa a bakinta, a rataya ƴar tayar da igiya ke gudu a kanta, a ɗaura wasaki a bakin igiya ɗaya, ɗaya bakin a jikin sa ko jakuna ko raƙumi. Mutum ɗaya zai kora dabbar ya yi nisa daidai zurfin rijiya. Ɗayan yana tsaye a kan bakin simintin da ya jiƙe yana santsi, yana leƙe, har wasaki ya fito, ya miƙa hannu ya jawo shi waje, ya juye a komi ko a bido. (Komi dai a wasu wuraren sunan kwale-kwale ne, don haka ba mu yi nisa da masu jirgi kamar yadda muke zato ba.) Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Wasakin da ke cin lita 40 kilo 40 ke nan, yana lilo a kan rami, kuma ba sau ɗaya ko biyu za a tarbe shi ba kafin rana ta take.

Haɗarin duka yana cikin taku biyu na ƙarshe. Idan sa ya ƙara taku ɗaya bayan wasaki ya iso, wasakin zai daki tayar, ko gwafa ta karye, ko igiya ta datse yatsun mai tarba. Idan kuma aka saki igiya tun bai riƙe da kyau ba, kilo 40 zai koma ƙasa da gudu, kuma ba ya tambayar ko hannun wani na naɗe a jikin igiyar. Duk malamin da ya daɗe a ƙauye ya san gidan da aka rasa yatsa, wani ma ya san gidan da aka rasa rai.

To, wa ke tsayawa a ina? Makiyaya, Fulani da Buzaye, waɗanda ke sauko mana da rani, sau da yawa na ga namiji ne a bakin rijiya, mace ko yaro ke kora dabba. A garuruwanmu na Hausawa kuwa an riga an yanke cewa ruwan gida aikin mace ne, sa kuma dukiyar maigida ce. Saboda haka mace ce a kan simintin nan mai santsi, wani lokaci da goyo, wani lokaci da cikin wata bakwai, tana jawo nauyin da ya kusa nata. Maigida in ya zo, shi ke riƙe da igiyar hancin sa, yana tafiya a sararin yashi, aikin da ɗan shekara goma ke iya yi. Shaidar cewa ɗan shekara goma na iya yi kuwa ita ce, mafi yawan lokuta shi ɗin ake ba. Wannan yaron shi ne ɗan ajina na CE2 da ke shigowa ƙarfe goma, ƙafa duk laka, an gama darasin karatu an shiga lissafi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ruwa ke ja baya layi ke tsawo, littafin kiran suna ya kan nuna mini wace unguwa ce ke da layin rijiya a wace rana, ba sai na tambaya ba.

Ra'ayina shi ne a juya. In miji da mata sun fito rijiya tare, mai ƙarfi ya tsaya a bakin rami, ɗayan ya kora dabba. Ba na cewa kowane namiji ya fi kowace mace ƙarfi. Na san tsohon da matarsa ƙarama ta fi shi damtse, irin wannan gida sai su yi yadda ya dace da su. Abin da nake ƙi shi ne a raba aiki bisa wane matsayi ya fi kama da na mai gida. Riƙon sa yana da kwarjini, mutum na tafe da sanda kamar mai dukiya. Tarbar wasaki kuwa sunkuyawa ce da jiƙewa. Mu maza mun ɗauki mai kwarjinin, muka bar mai haɗarin, sannan muka kira shi al'ada.

Za a ce mace ba ta iya sa ba. Wannan magana tana ba ni dariya, don na san wa ke ba san nan dusa da harawa da kanwa tun yana maraƙi. Tun da aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, mata nawa ne suka fara da akuya daga kuɗin asusu, akuya ta zama tunkiya, tunkiya ta zama maraƙi? A gidaje da yawa san da maigida ke taƙama da shi a kan amalanke muryar uwargida ya fi sani. Dabbar da ke tasowa daga kwance in ta ji takun mace da ƙwaryar dusa ba za ta ƙi bin ta mita 50 ba. Abin da ta rasa shi ne a bar ta ta koya, kuma a daina yi mata dariya a kwana ukun farko.

Amma ko an juya ko ba a juya ba, akwai batun murya, kuma nan ne abin ya fi wuya. A aikin nan mai gani shi ke da magana. Wanda ke bakin rijiya ne kaɗai ya san inda wasaki yake, don haka in ya ce tsaya, tsayawa ake yi nan take, ba a tambayar dalili. Idan mace ce a bakin rijiya, miji ne a bayan sa, to dole miji ya bi umurnin matarsa a gaban jama'a, da ƙarfi ta faɗa kuwa, don mita 50 ba a yin ta da raɗa. Nan ne gizo ke saƙa. Akwai mazan da za su ƙara taku biyu da gangan, don kada mazauna gindin bishiya su ce wane mijin-ta-ce ne. Akwai kuma matan da kunya ke sa su sassauta murya, don an rene su a kan cewa ba a ɗaga wa maigida murya, ba a ma kiran sunansa. Tsakanin kunyarta da girman kansa, igiya na ci gaba da tafiya. Ina zargin cewa wannan na cikin dalilan da suka sa ake gwammace a tura yaro: uwa na iya daka wa ɗanta tsawa ba wanda zai ɗaga kai. Wato an fitar da yaro daga aji ne don a tsare mutuncin babansa.

Idan aka juya, miji ya koma bakin rijiya, wata matsalar ce ke jira. Yanzu shi ke da murya, kuma da yawanmu ba mu san bambancin umurni da zagi ba. Wasaki ya zo da sauri, sai ka ji “Ke kurma ce?” ko abin da ya fi haka, a gaban kishiya da maƙwabta da ƴaƴanta. Macen da aka zaga sau biyu a bakin rijiya ba za ta ƙara taɓa igiyar sa ba, kuma ba ta yi laifi ba. Ga shi sau da yawa ba ita ta yi kuskuren ba. A rijiya ɗaya za ka iske gwafa uku ko huɗu, kowace da mai ihunta, ga kukan shanu, ga iskar hunturu na kwashe magana. Mutum na iya tsayawa da ihun wani, ko ya ƙi tsayawa da nasa yana zaton na maƙwabci ne. Makiyaya sun fi mu dabara a nan. Na lura kowane gida da ɗan gajeren kiransa, sauti ɗaya tak, wanda har dabbar ta haddace, ta kan ja birki tun kafin mai korar ta ya ja igiya. Ba kalma a ciki balle a ce an yi rashin kunya ko an yi zagi. Masu jirgin ruwa ma da ba su sayi na'urar kunne ba, da alamar hannu suke shiryawa tun kafin su doshi tasha, a san wane motsi ne gaba, wane ne tsaya.

Ba wai ba mu san aikin mutum biyu ba ne. Ku dubi shuka. Ruwa ya sauka da dare, gari na wayewa kowa ya fita, don laimar kwana ɗaya ko biyu ce. Maigida na gaba da sungumi yana sara, uwargida da yara na biye da iri a ƙoƙo suna zubawa suna rufewa da diddige. In ya yi sauri ramuka su bushe kafin iri ya shiga, in ya yi nawa su taru a bayansa. Ba wanda ke jin kunyar matarsa ta ce masa “Malam, sassauta.” Ya sassauta ɗin, don ya san hatsin da za a ci ne a kan layi. Haka wajen tsayar da amalanke a gangaren yashi, ɗaya ya riƙe hancin sa, ɗaya ya sa itace a ƙarƙashin taya. Me ya sa abin da ya halatta a gona ya zama abin gori a rijiya? Amsar da na samu ita ce gona tamu ce mu maza, ruwa kuwa mun ɗauka matsalar mata ce da muke taimaka musu in mun ga dama.

Wani zai kawo maganar kulle. Wanda ya tsare matarsa a gida ya kuma ɗauke mata ruwa da itace gaba ɗaya, ba da shi nake ba, ya cika sharaɗin abin da ya zaɓa. Da wanda nake shi ne mai rabin kulle. A 2004 Marthe Diarra Doka da Marie Monimart sun wallafa wani bincike a kan kudancin Nijar, musamman jihar Maradi, inda suka nuna yadda ƙarancin ƙasar noma ke fitar da mata daga gona, mace ta rasa gamanarta, a wasu wuraren a lulluɓe abin da sunan kulle. Abin da na gani da idona a inda na koyar shi ne, kullen da ya hana mace gonar da take samun na kanta bai cika hana ta rijiya ba. Mai kafa hujja da addini kuma ya tuna labarin Annabi Musa, alaihis salam, a rijiyar Madyana cikin Suratul Ƙasas: ya iske mata biyu sun ja gefe da dabbobinsu suna jiran maza su gama, shi baƙo ne a gajiye, amma shi ya shayar musu.

Akwai gaskiya a wani ɓangare na uzurin maza, ba zan ɓoye ba. Da damina maigida na gona tun asuba, ranar kasuwa yana kan amalanke neman na cefane, mai mata biyu ko uku kuma in ya tsaya wa ɗaya a rijiya dole ya tsaya wa sauran. Amma lokacin da rijiya ta fi wahala shi ne bazara, lokacin da aikin gona bai wuce sharar gona da kai taki ba. Haka kuma famfunan da ke aiki da hasken rana suna ƙaruwa, Alhamdulillahi, sai dai ruwansu na kuɗi ne, suna lalacewa, kuma mai shanu biyar ba ya shayar da su da bido-bido. Rijiya tana nan tare da mu zuwa wani lokaci.

Abin da ya fi damuna shi ne watannin da maigida ba ya nan. Ana gama girbi samari da magidanta su kama hanya, wasu Kano da Legas, wasu Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya. Wannan shi ne namu faɗawar matuƙi cikin ruwa, kuma mu duk shekara yake faɗawa. Gidan da mace ba ta taɓa ɗaura wa sa igiya ba, ba ta san yadda ake juya shi a ƙarshen layi ba, ranar da mijin ya tafi sai ta koma ɗayan biyu: ko ta roƙi ƙanen miji ya zo lokacin da ya ga dama, ko ta cire ɗanta daga makaranta har damina. Ga sa a turke yana cin harawa, ga ruwa a rijiya. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Shi ma namijin da bai taɓa tarbar wasaki ba, ranar da matarsa ta haihu sai ya tura ƴarsa ƴar shekara goma sha biyu bakin ramin, wadda ita da wasakin kusan nauyinsu ɗaya.

Mu malamai ba mu da bakin yi wa iyaye wa'azi sosai, don irin wannan rabo a farfajiyarmu yara ke fara ganinsa da tambarin hukuma. A makarantu da yawa ƴan mata ke shara da cika randa, yaro namiji ke kaɗa ƙararrawa, shi ne shugaban aji mai rubuta sunan masu surutu. A makarantar horon malamai an koya mana aikin rukuni, a ce wannan ne mai rubutu, wannan ne mai bayar da rahoto, a riƙa juyawa. Mu kan yi shi ranar da mai duba malamai zai zo. Yarinyar da ta shekara shida ba a taɓa ba ta damar cewa “ku tsaya” aji ya tsaya ba, ta yaya za ta buɗe murya ga mijinta daga nisan mita 50? Yaron da bai taɓa bin umurnin yarinya ba tare da an yi masa dariya ba, shi ne zai ƙara taku biyun nan.

Akwai wani ɗan aiki da nake ba abokan aikina shawara su gwada da ƴan CM1 ko CM2, don yana cikin darasin awo dama. A nemi izinin mai gari da masu rijiya, a je da yamma lokacin da layi ya ragu, yara su tsaya nesa da baki, babba ne kaɗai zai matsa. A auna igiya daga wasaki a kan ruwa zuwa inda yake fitowa, a gaba da kuma a mita, yara su yi lissafin juyawar da kansu. Sannan a kafa turke a kan layin dabba daidai inda ya kamata ta tsaya, a kuma ɗaura jan tsumma a jikin igiya kamar gaba biyu kafin wasaki, yadda mai tarba zai gan shi ya yi kira da wuri. Rukunin da ke riƙe da ma'auni yarinya ta shugabance shi, na turke yaro, a zagaye na biyu a musanya. Tunda ruwa na ja baya da bazara, igiyar roba kuma na miƙewa, sai an sake awon bayan kowane wata guda, a matsar da turken. Sakamakon kuma a kai shi taron kwamitin makaranta, a gayyato ƙungiyar uwaye mata, a sa taron kafin ƙarshen Oktoba, tun maza ba su tafi ci-rani ba.